Bayan Yatsun Kawu

Rumfar Kawu ba ta da allon suna, kuma ba ta taɓa bukatarsa ba. Kwano ne aka kafa a jikin katangar gidansa, da benci guda wanda baƙin mai ya daɗe da cinye launinsa, da akwatin ƙarfe na kayan aiki wanda ya girmi da yawa daga cikin masu kawo gyara. Ta hagu mai faci ne da injin iskarsa mai tari, ta dama kuma kwata. Duk layin Kawu ake ce masa, har tsofaffin da suka girme shi. Wani ɗan 'yar'uwarsa ne ya fara kiransa haka a gaban jama'a. Yaron ya girma ya bar gari, sunan ya zauna.

Da keke ya fara, a gaban mahaifinsa, yana miƙe ƙafar da ta karkace yana liƙe tayar da ta huje. Da babura suka yi yawa, kekuna suka koma hannun yara, sai mahaifin ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani bakanike mai zafin rai, wanda ya fi koyarwa da ranƙwashi a kan baki. Abu ɗaya kacal mutumin nan ya zaunar da shi ya gaya masa cikin lalama. Ya ce tafin hannun bakanike jaki ne, ya yi kanta, sai dai ɗaukar kaya. In kana so ka san abin da ke damun ƙarfe, juya hannun, ka tambaye shi da bayan yatsu.

A kan wannan magana Kawu ya gina sunansa. Wasu masu gyaran, da an kawo babur sai su hau shi da kwancewa, su baje rabinsa a ƙasa suna neman cuta kamar kaza na tonon shara. Shi kuwa sai ya ce wa mai babur ya hau ya zaga ya dawo. In an dawo ya tsuguna, ya juya hannu, ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, irin yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta. Cibiyar taya ta yi zafi, boris ɗin da take juyawa a kansa ne ya ci. Gefe ɗaya na inji ya fi ɗaya zafi, ga inda za a buɗe. Yakan ce ruwa ba ya tsami banza, ƙarfe ma haka. Yana ɗan ji da kansa, gaskiya, kuma ba a ga laifinsa ba, don da wuya ka ga babur ya bar rumfar nan ya dawo da cutar da ya zo da ita. Da wannan hannu ya gina ɗakuna, ya aurar da 'ya'yansa mata, ya tura mazan karatu. Ko ɗaya cikinsu bai gaji sana'ar ba. Yakan yi musu tsiya cewa sun gudu ne don kada farcensu ya yi baƙi, amma a ransa yana jin daɗi.

Sai ciwon suga ya shigo masa ba sallama. Ya sha magani, ya daina zuba sukari a shayi yana mita kullum safiya kamar wani ne ya hana shi. Abin ya fara daga ƙafa, minjirya wadda ba ta tafiya, daga baya ya zama kamar yana taka auduga. Sannan ya hauro hannu. Noti ya riƙa suɓuce masa, ya ce santsin mai ne. Maɓallin riga ya zama aiki, sai ya koma sa riguna marasa maɓalli ya ce su ne yayi. Likita ya taɓa gaya masa haka na iya faruwa, Kawu ya ce to, ya fito bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Wanzami ba ya son jarfa. Ba ciwon yake tsoro ba. Ranar da layi zai gane hannun Kawu ya daina ji, ita yake tsoro, ranar da za a riƙa gaishe shi da girmamawa ana wucewa da babur gaba wurin wani. Ya lallashi kansa cewa kan yatsun ne suka mutu, bayansu na nan da rai. Bai gwada ba, don ba ya son amsar.

Ana nan wata safiya, hantsi ya ɗaga, sai ga Auta. Auta ƙanin matarsa ne, shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, yana rabon biredi shago-shago a kan wani tsohon babur mai ƙaton akwatin katako a baya. Tun Kawu na zuwa zance wurin yayarsa, shi yana da majina a hanci, suke tsokanar juna, ga shi yanzu furfura ta fara leƙo gemunsa ba su daina ba.

"Yaya, tsohon nan ya fara gardama," in ji Auta, yana kafe babur.

"Wane tsohon? Ni ko shi?"

"Kai ai ka daɗe da farawa. Shi nake nufi. Da safe garau yake tashi, da mun ɗan yi nisa sai ya yi nauyi, kamar wani ya riƙe masa wuya. Ga shan mai sai ka ce tankin ya huje."

"Nauyin cikinka ne. Rabin biredin a hanya kake cinye shi."

Bakinsa na tsiya, kansa na aiki. Tun kafin Auta ya rufe baki zuciyarsa ta tafi kan birkin gaba. Birkin faifai ne. Faifan ƙarfe ne a jikin taya, da wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi da ke damƙe shi in an matsa hannun birki, mai ne kuma ke kai saƙon ta cikin tiyo daga ɗan ƙoƙon da ke kan babur. In abin ya tsufa, yakan damƙa ya ƙi saki gaba ɗaya, sai babur ya riƙa tafiya yana kokawa da kansa. Mutane kuwa ba ruwansu. Su wanke babur ya yi ƙyalli, su manna masa fitilu masu launi, amma birkin da ransu ke rataye a kai ba mai leƙa shi sai ya yi musu rashin mutunci.

Kawu ya sa guntun katako a ƙarƙashin inji, tayar gaba ta ɗaga, ya juya ta da hannu. Ta yi ta juyawa sumul, ba ƙara ba gogawa. Wannan bai wanke birkin ba, don akwai wanda ba ya nuna halinsa sai ya ɗumama.

"Hau ka je har gada ka dawo," ya ce. "A tafiya ka matsa birkin gaba yadda ka saba. A dawowa kada ka taɓa shi, ka tsaya da na baya."

Dabarar ke nan. Faifan da ke lafiya zai huce a hanyar dawowa, wanda ake gogawa kuwa zai iso yana huci. Auta ya je ya dawo. Daidai lokacin mai faci ya ɗora roba a wuta, warinta ya cika wurin, don haka hanci bai da abin cewa. Kawu ya tsuguna, ya juya hannu, ya kai bayan yatsunsa jikin faifan. Bai ji komai ba. Ya sake kaiwa, wannan karon ya ɗan bar su a kai. Shiru. Sai ya ɗauki shirun nan a matsayin sanyi.

Sabon ɗan koyo ma ya san abin da ya kamata a yi a nan, a sake ɗaga tayar a juya ta tun da zafinta. Amma rabon Kawu da yin haka ya manta, domin hannunsa na isar masa, ga Auta kuma tsaye a kansa yana jiran hukunci. Wani abu ya ɗan motsa a ƙirjinsa, ya danne shi.

"Birkinka lafiya lau," ya ce, yana miƙewa da ƙyar. "Kafireta ce ta yi datti."

Ya kwance kafireta, ya wanke, ya hura, ya goge filogi. Ya yi aikin da kyau, ba ha'inci, sai dai ba ita ce mai ciwon ba. Kafin ya gama birkin ya huce ya saki, babur ya tashi garau kamar yadda yake yi kullum da safe. Auta ya hau yana cewa ashe tsohon hannu bai mutu ba, ya tafi ɗauko kayan rabon rana, wanda yake kaiwa shagunan bayan gari ta hanyar manyan motoci.

Da rana ta take Kawu ya shiga gida cin abinci. Matarsa ta kawo buta da sabulu tsakar gida kamar kullum, tana zuba masa ruwa yana cuɗa hannu. Baƙin mai ya fara sauka. Sai ta ajiye butar ta kama wuyan hannunsa ta juya shi.

"Malam, me ya ƙona ka haka?"

Ya duba. Bayan yatsunsa sun tashi sun yi bororo, ɗaya ya fashe, fatar ta saɓule ta yi fari, sabulu na kwance a cikin raunin. Ya tsaya yana kallon abin kamar hannun wani ne aka nuna masa.

"Salansa ce," ya ce.

"Salansa ta yi maka wannan ban ji ihunka ba? Kai da in ƙaya ta soke ka sai duk gidan nan an sani?" Ta ƙi sakin hannun. "Ka ɗauka ban ga yadda kake fama da maɓalli ba? Ko yadda kake ɗaukar kofin shayi ta jiki, yana tururi, ba ka ko hurawa? Zuba maka ido na yi, in ga ranar da za ka faɗa da bakinka."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji a gabanta ba duk tsawon zamansu. Ya buɗe baki zai yi musu, sai kansa ya koma rumfa yana bin abin da ya taɓa tun safe. Bai taɓa salansa ba. Abu ɗaya ya taɓa da bayan yatsu.

"Auta," ya ce.

"Me ya sami Auta?"

"Birkinsa na kamawa. Na ce masa lafiya yake. Irin wannan, yana zafi yana ƙara matsewa, yana matsewa yana ƙara zafi, har tayar gaba ta tsaya cak. Ga kaya a baya."

Ta shiga ɗaki da sauri ta ɗauko waya ta kira ƙaninta. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, don Auta ba ya ɗaukar waya a kan babur, Kawu ne ma ya hana shi da masifa. Ta yago tsumma mai tsabta ta ɗaure masa yatsun. Ya bar abincin a rufe, ya zuba ƙananan sifanoni da filaya da kwalbar sabon man birki a aljihu, ya ce wa mai faci ya ara masa babur. Mai faci ya dubi fuskarsa ya miƙa makulli bai tambaya ba.

Ya san hanyar Auta shago-shago. A na farko aka ce ya wuce. A na gaba aka ce yanzun nan ya bar nan, yana ta ƙorafin babur ya sake yin nauyi. Daga nan gari ya ƙare, titi ya miƙe, manyan motoci na wuce shi iskarsu na ture shi gefe. A gaba akwai doguwar gangara. Kawu yana tafe yana salati, yana kuma jin haushin kansa. Shekara da shekaru yana faɗa wa mutane kada su yi wasa da birki, ga shi yau shi ne ya ɗora ƙanin matarsa a kan mugun birki, don kawai kada a gan shi yana shakka.

Kafin gangarar ya hango akwatin katako a gefen titi. Babur na kwance a yashi, biredi ya watsu, Auta na zaune a kan dutse yana duba gwiwarsa ta cikin yagaggen wando. Da rai, da baki kuma.

"Yaya, kafiretarka ta kama tayar gaba," ya ce. "Na ji ya yi nauyi fiye da kullum, na rage gudu na sauka gefe. Ina sauka ya ƙame ya zubar da ni. Allah Ya so ba a tsakiyar titi ba ne."

Kawu ya dafa kafaɗar Auta, ya duba gwiwar, ƙujewa ce kawai. Suka ɗaga babur tare. Faifan ya sauya launi ya yi shuɗi-shuɗi, tayar kuwa ko motsi. Suka jingina injin a kan dutse don ta ɗaga.

A jikin muƙamuƙin birkin akwai ɗan ƙaramin noti mai rami, wanda ake kwancewa in za a fitar da iska. Kawu ya sa masa sifana ya ɗan murɗa. Mai ya yi tsartuwa, baƙi, da zafinsa. Ya sa hannu ya juya tayar, ta juya sumul.

"Ka gani? Da a ce ƙarfen nan na ƙasa ne ya yi tsatsa ya maƙale, ko na kwance notin ba zai saki ba. Tunda ya saki, man ne ke zuwa ba ya samun hanyar komawa. Cutar na sama."

Ya buɗe ɗan ƙoƙon da ke kusa da hannun birki. Man da ke ciki ya koma kamar guntun shayin jiya.

"Yaushe rabon ka canza man nan?"

"Au, canza shi ake yi?"

A wata rana da Auta ya sha baƙar magana har yamma. Yau Kawu ya tsane man da tsumma kawai, ya nuna masa ƙasan ƙoƙon. Ramuka biyu ne, ɗaya babba, ɗaya kuma kamar tsinin allura, wanda ta nan mai ke komawa in an saki birki. Datti ya toshe shi. In man ya yi zafi sai ya kumbura, ba mafita, sai ya tura birkin ya damƙe faifai. Abin da ya kusa kashe mutum ke nan, ramin da ƙwayar yashi ta fi shi girma.

Ya zare sili guda daga wata tsohuwar wayar kuloci da ke aljihunsa. Ya kai shi bakin ramin, ya suɓuce ya faɗi cikin yashi. Ya zaro wani, shi ma ya suɓuce. Kawu ya ɗauko filaya ya kama silin da ita, ya sunkuya har hancinsa na kusan taɓa ƙoƙon, ya yi aikin da ido tunda yatsu sun ƙi. A hankali silin ya shige. Ya zuba sabon mai, ya sa Auta ya riƙa matsa hannun birki yana saki, shi kuma yana buɗe notin ƙasa yana rufewa, har baƙin ya gama fita mai haske ya biyo baya, hannun birkin ya yi tauri yadda ya kamata.

"Hau ka je har waccan alamar ka dawo, a hankali. A dawowa kada ka taɓa na gaba."

Auta ya je ya dawo ya kafe babur. Kawu ya tsuguna a gaban tayar. Hannunsa ya juya da kansa, ya tafi wajen faifan kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Sai ya ga tsumman da matarsa ta ɗaura. Ya tsayar da hannun a iska, ya janye shi ya ɗora a gwiwa. Ya ɗaga tayar ya juya ta, ta juya lafiya. Amma gogawa kaɗan ba ta nuna kanta a juyi, zafi ne ke tona ta, kuma shi ba zai sake sallamar babur ɗin nan a kan zato ba.

"Auta, zo ka taɓa mini faifan nan."

"Ni? Yau kuma ni ne bakaniken?" Yana dariya, yana jiran tarkon da ke ciki.

Kawu ya kwance tsumman ya nuna masa yatsun. "Da safe na taɓa shi har sau biyu. Wannan shi ya yi mini, ban kuma sani ba sai da yayarka ta gani. Ba na ji, Auta. Na daɗe ba na ji."

Dariyar ta ɗauke. Auta ya dubi yatsun, ya dubi fuskar mutumin da ya buɗe ido ya gani yana gyara duk abin da ya lalace a gidansu, sai idonsa ya kawo ruwa, ya kau da kai yana kallon motocin da ke wucewa. Can ya tsuguna kusa da shi ya miƙa tafin hannu.

"Ba da tafi ba. Juya. Da bayan yatsu, ka ɗan taɓa ka ɗauke."

Auta ya taɓa ya ɗauke. Ya sake taɓawa.

"Da ɗan ɗumi."

"Ɗumi kamar me? Yi mini bayani sosai."

Auta ya yi tunani da gaske, goshinsa a tattare. "Ba kamar biredin da ya kwana biyu a hanya ba. Kamar wanda na ɗauko da safe, na kai shagon ƙarshe. Ya huce, sai ɗan abin da ba a rasa ba."

"Ba ya cizo?"

"Ba ya cizo. Zan iya barin hannuna a kai."

Kawu ya daɗe yana kallon faifan. Tun da ya buɗe rumfa bai taɓa sallamar babur a kan maganar wani ba, kuma abin ya yi masa ɗaci.

"To ya yi," ya ce. "Tattara biredinka."

Suka tsince wanda ledarsa ba ta fashe ba, suka kakkaɓe yashi, suka ɗaure akwatin. Auta ya hau, ya tayar da inji, bai tafi ba. Yana kallon kan babur ya yi magana, ba tare da ya juyo ba.

"Yaya, kullum in na gama rabon safe ta layinku nake wucewa. In akwai abin taɓawa, ka ajiye mini."

Kawu ya lalubi baƙar maganar da zai mayar masa, irin wadda ba ta taɓa yanke masa ba. Bai samu ba. Ya sunkuyar da kai yana mayar da tsumman a yatsunsa, ya kama bakin tsumman da haƙori ya ja ƙullin.

"Ka zo da wuri," ya ce.